Jarrabawa Kasuwa Ce, Mai Jinkiri Sai Ya Tarar Ta Watse

Daga Wakilinmu na Ikko

Duk wanda ya taɓa kwana a kasuwar Mile 12, wadda ke bakin hanyar Ikorodu a Ikko, ya san cewa tun kafin ladan ya kira assalatu kasuwa ta riga ta farka. Manyan motoci suna ta shigowa daga Arewa, ɗauke da tumatirin Kura da Kadawa, da albasar Aliero, da tattasai da attaruhu, bayan sun yi kwanaki a bisa hanya. 'Yan dako suna sauke kwanduna, dillalai suna ciniki, mata masu sari sun yi dafifi. Ba mai tsayawa dogon surutu, domin kowa ya san halin kayan gwari. Kwandon da ya yi daraja da hantsi, in ya kai la'asar sai a karyar da shi.

A cikin unguwannin da ke kewaye da wannan kasuwa, da kuma Agege da Idi-Araba da Alaba Rago, akwai samari da 'yan mata 'ya'yan Hausawa waɗanda kowace shekara sukan zauna jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a. Da yawansu a Ikko aka haife su. Wasu da asuba suna rumfar mahaifinsu suna ƙidayar kwanduna, da hantsi suna makaranta, da yamma suna Islamiyya, sai dare ya yi kana su buɗe littafi. Iyayensu sun ƙware ƙwarai wajen sanin darajar lokaci a kasuwa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa irin wannan ƙwarewa ce ɗansu yake bukata a ɗakin jarrabawa. Sau da yawa yaro yakan fito yana cewa ya san amsoshin, lokaci ne ya ƙare masa. Masu duba jarrabawa kuwa ba su ba da maki a kan abin da ke cikin kai, sai abin da ya sauka a takarda ko ya shiga kwamfuta kafin a ce a tsaya.

ASALIN AGOGO A ƊAKIN JARRABAWA

A karatunmu na gargajiya ba a san agogo ba. Almajiri yakan biya allonsa har ya zauna, malam ya saurara, in bai iya ba a ce ya koma ya sake, ba kuma wanda ke ƙidaya masa minti. Jarrabawar canki-canka mai ƙayyadadden lokaci daga Amurka ta yaɗu. Wani malami mai suna Frederick Kelly ya fito da irinta a jihar Kansas wajen 1915 don auna karatun yara, sojan Amurka suka yi amfani da tsarin a 1917 wajen tace kurata, sa'an nan a 1926 aka fara jarrabawar shiga jami'a da ake kira SAT, inda aka ba ɗalibai tambaya 315 su amsa cikin minti 97. Tun daga farko ke nan, sauri yana cikin abin da ake aunawa.

A nan ƙasarmu, Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, an kafa ta a 1952, babban ofishinta na Nijeriya kuwa yana Yaba a nan Ikko. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, an kafa ta a 1978, NECO kuma a 1999, da mazauninta a Minna. A 2010 JAMB ta haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejojin fasaha da na horon malamai ta zama guda. A 2013 ta fara gwada yin ta da kwamfuta, a 2015 aka ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. A 2017, bayan Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi ragamar hukumar, aka rage tambayoyi daga 250 zuwa 180, aka mayar da lokaci awa 2. Ita ma WAEC ta fara jarrabawa da kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu a farkon 2024.

Abin da ke gaban yaro ba ƙarami ba ne. Sau ɗaya ake yin jarrabawar JAMB a shekara, wanda ya rasa sai ya jira baɗi, ya sake biyan kuɗi. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a watan Mayu 2025, daga cikin ɗalibai wajen miliyan 1.95 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma mai neman aikin likita ko lauya ko injiniya a babbar jami'a ya san tilas ya wuce haka nesa.

LISSAFIN SAKAN 40

Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Awa 2 minti 120 ke nan, watau sakan 7,200. In aka raba wa tambaya 180, kowace tambaya ta sami sakan 40. Wannan shi ne jarin da ɗalibi ya shiga ɗaki da shi, ba ƙari, ba bashi.

Darussa huɗu ake amsawa. Turanci tilas ne ga kowa, yana da tambaya 60. Sauran ukun, waɗanda ɗalibi ya zaɓa bisa ga fannin da yake nema, kowane yana da tambaya 40. Amma fa kowane darasi maki 100 ne. To, a nan akwai abin lura wanda yawancin yara ba su kula da shi ba. In aka raba 100 gida 40, kowace tambaya ta Fiziks ko Hausa ko Addinin Musulunci ta tashi a kan maki 2 da rabi. In aka raba 100 gida 60, tambayar Turanci a matsakaicin lissafi ba ta kai maki 2 ba. Saboda haka yaron da ya zauna a kan Turanci har minti 55, don shi ya fara gani a fuskar kwamfuta, ya bar wa kansa minti 65 kacal ga tambaya 120 waɗanda suka fi tsada. Ya yi kama da wanda ya ɓata safiyarsa wajen cinikin kwandon yalo, alhali motar tumatir tana tsaye a rana.

Ga wani lissafin kuma. A ce yaro ya ci karo da tambayar Lissafi mai wuya, zuciya ta ɗebe shi, ya ce sai ya ga bayanta, ya yi minti 5 a kanta. Minti 5 sakan 300 ne, watau rabon tambaya 7 da ɗoriya. Ko da ya same ta daidai, maki 2 da rabi ya saya da kuɗin da zai sayi fiye da maki 17. In kuwa bai same ta ba, ya yi biyu-babu. Kwamfuta ba ta san tambaya mai wuya da mai sauƙi ba a wajen ɗalibi, kuma ba ta ba da ladan naci.

A RABA LOKACI TUN DAGA GIDA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rabon lokaci a gida ake yinsa, makonni kafin ranar, a kuma haddace shi kamar yadda aka haddace farashin kaya. Ƙa'idarsa uku ce. Ta farko, a ware minti 10 na ƙarshe a ajiye gefe, kada a taɓa su. Ta biyu, a raba sauran minti 110 bisa ga halin darussa, domin tambayar da ake amsawa da tuni kawai ba ta cin lokaci kamar wadda sai an yi lissafi. Ta uku, a fara da darasin da aka fi ƙwarewa a kansa, tunda an yarda ɗalibi ya shiga kowane darasi ya fita yadda ya ga dama.

Ga misali ga mai neman aikin likita, wanda zai amsa Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Sai ya ba Bayoloji minti 20, Kemistiri 25, Turanci 35, Fiziks 30. Agogon da ke fuskar kwamfuta baya-baya yake ƙidaya, yana nuna abin da ya rage, saboda haka abin da yaro zai riƙe a kai lambobi huɗu ne. In saura awa 1 da minti 40 ya bar Bayoloji. In saura awa 1 da minti 15 ya bar Kemistiri. In saura minti 40 ya bar Turanci. In saura minti 10 ya bar Fiziks ya koma bita. Mai neman aikin injiniya, wanda ke da Lissafi da Fiziks tare, zai iya ba Kemistiri 22, Turanci 30, Fiziks 28, Lissafi 30. Mai neman aikin lauya ko harsuna ya fi samun sarari, domin darussansa na karatu ne da tuni, sai ya ƙara wa Turanci da Adabi.

Wannan rabo shawara ce, kowa ya gyara shi daidai da ƙarfinsa. Abin da ba a sassautawa shi ne cika alkawarin da aka yi da agogo. In lokacin darasi ya cika, a bar shi, ko da saura tambaya 6. Kuma kada a riƙa kallon agogo bayan kowace tambaya, wannan ma ɓata lokaci ne, yana kuma tada hankali. A duba shi bayan kowace tambaya 10.

A cikin Turanci ma akwai tsari. Tambayoyin cike gurbi, da na kalmomi masu ma'ana ɗaya ko kishiyar juna, da na furuci, da waɗanda aka ciro daga littafin labarin da hukuma ta sa a karanta, duk gajeru ne, wanda ya sani zai amsa cikin sakan 15 ko 20. Dogon nassi na auna fahimta shi ne mai cin lokaci, ga shi tambayoyinsa ba su da yawa. A bar shi sai an kwashe gajerun. In an zo kansa, a fara karanta tambayoyin, kana a karanta nassin sau ɗaya a tsanake, ido yana neman abin da aka tambaya.

ZAGAYE UKU

Dillalin ƙwarai in mota ta sauke, kashi uku yakan yi wa kaya: wanda zai tafi nan take, da wanda sai an ɗan tsince, da wanda ya riga ya lalace. Haka ya kamata ɗalibi ya yi wa tambayoyin kowane darasi.

A zagaye na farko ya bi su tun daga ta ɗaya har ta ƙarshe, yana amsa waɗanda ya sani da gani. Wadda ya karanta sau biyu hanya ba ta buɗe ba, sai ya danna amsar da ta fi kwanta masa a rai, ya rubuta lambar tambayar a takardar lissafi in an ba shi, ko ya riƙe ta a kai, ya wuce. Amfanin wannan shi ne tambayoyi masu sauƙi a warwatse suke, wata tana can ta 37 tana jira, wanda ya maƙale a ta 9 ba zai taɓa ganinta ba.

A zagaye na biyu ya koma kan waɗanda ya san hanyarsu amma suna bukatar lissafi ko tunani. A nan ne zai kashe rarar lokacin da ya samu daga zagaye na farko. Kada dai ya wuce minti ɗaya da rabi a kan guda. Sau da yawa a Lissafi ya fi sauri a ɗauki amsoshin nan huɗu a gwada su cikin tambayar, ko a yi ƙiyasi a zubar da waɗanda suka yi nisa da hankali. Akwai na'urar lissafi a jikin kwamfutar, amma ƙaramin lissafi da ka ya fi sauri, kuma ɗan Mile 12 da ya saba haɗa kuɗin kwando 15 a tsaye ba ya bukatar a koya masa wannan.

Zagaye na uku na minti 10 ɗin nan ne da aka ajiye. Aikinsa guda: kada a bar tambaya ko ɗaya ba amsa. JAMB ba ta rage maki saboda kuskure, don haka gurbin da aka bari asara ce tsantsa. Amsa huɗu ake bayarwa, ɗaya ce daidai. Wanda ya cike tambaya 40 da ka kawai, bisa lissafi zai dace da wajen 10, watau maki 25 a darussan zaɓi. In ya iya zubar da biyu daga cikin huɗun kafin ya zaɓa, rabonsa ya koma rabi da rabi. Da babu gara ba daɗi.

Akwai kuma sha'anin madannai. Tun 2017 hukumar ta sauƙaƙa wa waɗanda ba su saba da kwamfuta ba, ta yadda da 'yan haruffa kaɗan za a gama jarrabawar. A da B da C da D na zaɓen amsa ne, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S kuwa na miƙa aiki ne baki ɗaya. A yi hattara da S ɗin nan. Yaron da ya tabbatar da miƙa aiki saura minti 30, don ya ga na kusa da shi ya tashi, ya rufe rumfarsa tun kasuwa na ci. Ba a ba da maki don an riga kowa fita.

IN ZUCIYA TA CE A CANZA AMSA

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a makarantu, cewa amsar farko ita ce daidai, kada a canza. Masana sun bincika wannan. A wani nazari da aka buga a 2005, Justin Kruger da abokan aikinsa sun duba takardun ɗalibai fiye da 1,500 a Jami'ar Illinois ta Amurka, suka bi duk wurin da aka goge amsa aka sake. Suka tarar wajen rabin canjin daga kuskure ne zuwa daidai, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai daga daidai zuwa kuskure. Abin da ya sa mutane suke ganin akasin haka shi ne, takaicin amsar da mutum ya ɓata da hannunsa ya fi zama a rai. Saboda haka in ɗalibi ya sake karanta tambaya ya ga dalili, kamar ya tsallake kalmar korewa a karon farko, ko ya tuna wata ƙa'ida, to ya canza. In kuwa ɗar-ɗar ce kawai ba dalili, ya bar ta yadda take.

Firgita ma ɓarauniyar lokaci ce. Yakan faru yaro ya buɗe darasi, tambaya uku na farko duk ba ya ganewa, gumi ya karyo masa, abin da ya sani ma ya gudu. Maganinsa ya ɗauke hannu daga madannai, ya ambaci Allah, ya ja numfashi a hankali sau uku ko huɗu, sa'an nan ya koma darasin da ya fi iyawa. Rabin minti da aka kashe a haka ya fi minti 10 da za a yi ana karanta layi ɗaya ba a fahimta. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma abin da ake nema a nan tafiya ce madaidaiciya wadda ba ta tsayawa.

JARRABAWAR RUBUTU TA WAEC DA NECO

A jarrabawar fita sakandare akwai canki-canka, akwai kuma rubutu da hannu, kowanne da irin dabararsa. Bisa tsarin manhajar da WAEC ta daɗe tana bi, takardar Turanci ta canki-canka tambaya 80 ce cikin awa 1, ta furuci kuma 60 cikin minti 45, duka biyun sakan 45 ke nan ga kowace tambaya. Takardar rubutu awa 2 ce mai maki 100: insha'i na kalmomi 450 maki 50, auna fahimta maki 20, taƙaitawa maki 30. Hukumar da kanta ta ba da shawarar minti 50 ga insha'i, 30 ga auna fahimta, 40 ga taƙaitawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne yaro ya ji daɗin labarin da yake bayarwa a insha'i, ya cika shafi huɗu, ya zo kan taƙaitawa saura minti 10, ya zubar da maki 30. Ya kamata cikin minti 50 ɗin nan a ba 5 ga tsara kanun magana, 40 ga rubutu, 5 ga gyaran kurakurai.

A Lissafi, canki-canka tambaya 50 ce cikin awa 1 da rabi, kusan minti 2 ga kowace. Takarda ta biyu awa 2 da rabi ce mai maki 100. Kashi na farko tambaya 5 ne na tilas masu maki 40, kashi na biyu a zaɓi 5 daga cikin 8, masu maki 60. Minti 150 ga maki 100, kowane maki ya ci minti ɗaya da rabi. Tambayar kashi na farko ke nan minti 12, ta kashi na biyu 18. Wanda ya rage su zuwa 11 da 16 zai sami minti 15 na karanta tambayoyi da farko da kuma bita a ƙarshe.

Ƙa'idar rubutu ita ce lokaci ya bi maki. A Lissafi ana ba da maki a kan hanyar da aka bi, ko da amsar ƙarshe ta kuskure, don haka a rubuta kowane mataki. Makin farko na kowace tambaya ya fi arha, na ƙarshe ya fi tsada. Wanda ya taɓa tambaya 10 kowace ya kai ta rabi ko fiye, yakan fi wanda ya ƙawata 6 ya bar 4 fari fat. A canki-canka na takarda kuma, kada a tara amsoshi a jikin takardar tambaya a ce sai a ƙarshe za a kwafe. A riƙa cikewa goma-goma, ana duba lamba, domin tsallake layi ɗaya yana iya karkatar da duk abin da ya biyo baya.

SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI

Duk abin da aka faɗa a sama ba ya zama a jiki da karantawa kawai. Tilas a yi gwaji da agogo. Aƙalla wata biyu kafin jarrabawa, sau ɗaya ko biyu a mako, ɗalibi ya sami wuri, ko a harabar masallaci bayan sallar asuba, ko a ajin Islamiyya kafin yara su zo, ya ɗauki tambayoyin shekarun baya guda 180, wani ya riƙe masa agogo, ya yi awa 2 cur ba tashi ba waya. In ya gama, ya kasa kurakuransa gida uku: waɗanda bai sani ba, da waɗanda ya sani amma gaggawa ta sa ya kuskure, da waɗanda bai kai gare su ba. Na farko maganinsu karatu, na biyu natsuwa, na uku gyaran rabon lokaci. Yaron da bai yi wannan kashi ba zai yi ta ƙara karatu alhali ciwonsa a wani wuri yake.

'Ya'yanmu na Ikko suna da wata matsala tasu ta daban. A gida Hausa ake yi, a titi Yarbanci, a kasuwa Turancin buroka, jarrabawa kuwa da Turancin littafi take zuwa. Yaro yana iya zama mai kaifin ƙwaƙwalwa amma mai nawar karatu, yana fassara kowace jimla a zuci kafin ya fahimta, sakan 40 ɗinsa su ƙare a karatun tambaya. Maganin wannan karatu ne na kullum. Ya ɗauki jarida ko littafi ya karanta shafi biyu da agogo, ya rufe, ya faɗi abin da ya fahimta. A mako shida za a ga bambanci. Wanda kuma fannin da yake nema ya yarda da Hausa ko Larabci ko Addinin Musulunci, kada ya raina su, suna cikin darussan JAMB, makinsu kuma daidai yake da na kowane darasi. Sai dai Hausar jarrabawa tana da nahawu da adabi da littattafan da aka ƙayyade, iya magana kaɗai ba ya isa.

Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, lalle ya nemi inda zai taɓa ta kafin ranar. Tun 2017 JAMB takan shirya jarrabawar gwaji ga wanda ya so, 'yan makonni kafin ta gaske. Kuɗin da aka ƙara dominta bai kai ciwon asarar shekara ba.

AGOGON HANYA

A Ikko, jarrabawa tun daga ƙofar gida take farawa. Ba lalle ne a tura yaro cibiyar da ke kusa da unguwarsu ba, kuma kowa ya san halin cunkoson motoci tsakanin Mile 12 da Ketu da Ojota da safe, balle in ruwa ya sauka, ga shi jarrabawar takan faɗo a farkon damina. A 2025 an bukaci masu zama na farko su hallara tun ƙarfe 6:30 na safe don tantance su da hoton yatsa. Da zarar an buga takardar da ke nuna cibiya da rana da lokaci, ya kamata yaro da wani babba su je su ga wurin da idonsu, su auna tsawon tafiyar a irin lokacin da za a yi ta. Motocin BRT, waɗanda suka fara aiki tsakanin Mile 12 da CMS a 2008, suna da layinsu na daban. Mutanen Agege kuma suna da jirgin ƙasa na cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Kada a dogara da ɗan acaba, domin tun Satumba 2022 gwamnatin jihar ta haɗa da ƙaramar hukumar Kosofe, inda Mile 12 take, cikin wuraren da ta hana sana'ar. In cibiyar ta yi nisa, gara a kwana wajen 'yan'uwa a kusa da ita. Ba a shiga da waya ko agogon hannu ko na'urar lissafi, a bar su a gida. A yi barci da wuri, a karya da abu mara nauyi. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Gaskiya ne wani lokaci laifin ba na yaro ba ne. A watan Mayu 2025 JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Ikko da jihohin Kudu maso Gabas, shugabanta ya nemi gafara a bainar jama'a, aka sake musu jarrabawa. A ƙarshen watan kuma, jinkirin isar takardun Turanci na WAEC ya sa ɗalibai a wurare da dama suka yi rubutu cikin dare da fitila. Darasin da ke nan shi ne, in kwamfuta ta tsaya ko ta mutu, yaro ya ɗaga hannu nan take ya gaya wa mai sa ido, kada ya zauna yana jira kunya ta hana shi magana.

KIRA GA IYAYE DA SHUGABANNI

Muna kira ga iyaye 'yan kasuwa su ɗauke wa yaro zaman rumfa da aike a makonni shida na ƙarshe, 'yan mata kuma a rage musu aikin gida. Abin da za a biya ɗan dako ya riƙe gurbinsu kaɗan ne in aka gwada da shekarar da za a yi asara. Muna kuma kira ga sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da sauran unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da malaman Islamiyya, su haɗa kai su tanadi ɗaki guda da 'yan kwamfutoci da agogon bango, inda yaran unguwa za su riƙa gwaji kowace Asabar, ɗaliban jami'a 'yan unguwar su riƙa duba su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jama'ar da take iya kawo tumatir daga Kano zuwa bakin teku kafin ya ruɓe, ba za ta kasa koya wa 'ya'yanta yadda za su tafiyar da awa 2 ba.

Kai kuma ɗalibi, ka yi karatunka, ka rubuta rabon lokacinka, ka gwada shi har ya zauna, ranar jarrabawa ka cika shi. Abin da ya rage bayan wannan na Allah ne. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya sa ilmin ya amfane su, ya amfani ƙasa baki ɗaya, amin.